Gama: Ɗan Kokawar da Ya Gina Ƙarfinsa Ba da Ƙarfe Ba

Idan aka ce Gama a gaban Bakano, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne unguwar nan ta wajen Birged, a ƙaramar hukumar Nassarawa. To, ba ita nake nufi ba. Wannan Gaman mutum ne, Musulmi, ɗan kokawa daga ƙasar Indiya, wanda ya shafe sama da shekara 50 a harkar kokawa ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba. Ya rasu a 1960, shekarar da Najeriya ta samu 'yancin kai, amma har gobe a Indiya da Pakistan in ana son kwatanta ƙarfi sunansa ake kira. Ko a ranar 22 ga Mayu, 2022 sai da kamfanin Google ya sa zanensa a shafinsa na farko, don tunawa da cikarsa shekara 144 da haihuwa.

Abin da ya sa na zaɓo tarihinsa a wannan fitowa shi ne yayin da muka shiga a makarantar nan, wato yayin gina jiki. Kowane saurayi so yake riga ta kama shi a damtse. Mai hali ya je ya biya kuɗin wata a gidan motsa jiki. Marar hali ya samo gwangwanayen fenti biyu ya cika da siminti, ya zura rodi a tsakiya, ya ajiye a bayan ɗaki. Wanda ya rasa duka biyun sai ya haƙura, ya ce sai ya yi kuɗi tukuna. Akwai kuma rukuni na huɗu, waɗanda suka fi ba ni tsoro, masu zuwa kemis neman ƙwayar da za ta yi musu aikin. Dukkanmu mun tafi a kan fahimta guda, wai ba a samun ƙarfi sai da ƙarfe. Rayuwar Gama ta ƙaryata wannan, sannan tana ɗauke da wasu darussa da masu yaɗa hotonsa a Facebook ba sa faɗa.

Asalinsa da tasowarsa

Sunansa na yanka Ghulam Muhammad Bakhsh, Gama laƙabi ne. An haife shi ranar 22 ga Mayu, 1878, a yankin Amritsar na ƙasar Panjab, cikin zuri'ar 'yan kokawa waɗanda asalinsu mutanen Kashmir ne. A wancan zamani Indiya tana hannun Turawan Ingila, amma akwai ɗaruruwan masarautu da aka bar wa sarakunansu, kusan irin yadda aka yi da namu sarakunan daga baya. Waɗannan sarakuna, da ake kira maharaja, suna ajiye 'yan kokawa a fada kamar yadda sarakunan ƙasar Hausa ke ajiye makaɗa da dawaki. A ci da su, a sha da su, a tufatar da su, su kuma ranar gasa su fitar da masarauta kunya. Mahaifin Gama, Muhammad Aziz Bakhsh, yana cikin 'yan kokawar fadar Datia, a ƙarƙashin Maharaja Bhawani Singh.

Gama yana ɗan shekara 6 mahaifinsa ya rasu. Kakansa na wajen uwa, Nun Pahalwan, ya ɗauke shi, da shi ma ya kwanta dama sai riƙon yaron ya koma hannun kawunsa Ida, wanda shi ma ɗan kokawa ne. Kalmar pahalwan da za ku riƙa gani a sunayensu ma'anarta ɗan kokawa ko gwarzo. A hannun wannan kawu ya soma horo, kuma da ma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

A 1888, yana ɗan shekara 10, Maharajan Jodhpur ya shirya wata gasa wadda 'yan kokawa sama da 400 suka shiga. Ba kokawa aka yi ba, gasar juriya ce, kuma babban abin da aka gwada shi ne tsuguno: a tsuguna a miƙe, a tsuguna a miƙe, har sai mutum ya ce ya gaji. Ƙarti suka yi ta zubewa ɗaya bayan ɗaya, har aka rage saura mutum 15, yaron nan yana ciki. Ganin ƙuruciyarsa sai sarkin ya tsayar da gasar ya ce shi ne zakara. An ruwaito cewa bayan nan sai da ya yi mako guda a kwance ba ya iya taka ƙasa. Ku riƙe wannan makon na kwanciya, za mu dawo kansa.

Abin dariya a nan, wannan tsuguno shi ne horon da ake ba mu a firamare in mun makara: kama kunne, sama da ƙasa, sai malam ya ce ya isa. Mu mun ɗauke shi azaba, su kuma can a kansa suke gina gwaraza.

Dand da baithak

Wanda ya kalli Dangal na Aamir Khan ko Sultan na Salman Khan, waɗanda duka suka fito a 2016, ya ga irin filin da 'yan kokawar Indiya ke horo. Sunansa akhara. Ƙasa ce mai laushi da ake haɗawa da mai da tsala, kuma kowace safiya 'yan kokawar ne da kansu ke kaftar ta da ƙatuwar fartanya, su baje ta, kafin a soma komai. Wannan kaftu shi ma cikin atisayen yake. Akwai hawan igiya, akwai gudu, akwai kokawar kanta. Amma ginshiƙan horon guda biyu ne, dand da baithak, kuma babu wanda yake bukatar ko ƙusa a cikinsu.

Baithak shi ne tsugunon da na ambata. Mutum zai tsaya ƙafafunsa a ɗan buɗe, ya sauka har cinya ta haɗu da sha-raɓa, dunduniya ta ɗan ɗaga, hannaye suna lilo gaba da baya, sannan ya miƙe. Ba a tsayawa, ana yi ne da kari ɗaya kamar daka, numfashi yana bin motsin.

Dand kuwa ɗan'uwan abin nan ne da sojoji da 'yan ƙwallo ke yi, a kifa ciki a dafa ƙasa ana tura jiki sama, sai dai ya fi shi zagaye. Za ka dafa ƙasa da tafukan hannu da yatsun ƙafa, ka ɗaga ƙugu sama jikinka ya yi kamar jinkar bukka. Daga nan ka sunkuyo da ƙirji ya bi ta tsakanin hannayenka dab da ƙasa, kamar mai ratsawa ta ƙarƙashin waya, sai ka tura ƙirji da kai su yi sama ƙugu yana ƙasa, sannan ka koma yadda ka fara. Guda ɗaya ke nan. A motsi ɗaya kafaɗa da ƙirji da damtse da gadon baya da ciki duk sun yi aiki.

Adadin da aka fi ruwaitowa game da Gama lokacin da yake ganiyarsa shi ne baithak 5,000 da dand 3,000 a kullum, sannan ya kama kokawa da abokan horo 40, ɗaya bayan ɗaya. Tunda mu 'yan kimiyya da fasaha ne, bari mu yi lissafi. In kowane baithak ya ci daƙiƙa 2, guda 5,000 za su ci daƙiƙa 10,000, wato awa 2 da minti 47 ke nan in an cike. In kowane dand ya ci daƙiƙa 3, guda 3,000 za su ci awa 2 da rabi. Ka ga an haura awa 5 ba a ma soma kokawa ba. Ashe ba motsa jiki yake yi bayan ya taso daga aiki ba, wannan ɗin shi ne aikin nasa.

Gaskiya ɗaya da ya kamata a faɗa ita ce, Gama bai ƙaurace wa nauyi gaba ɗaya ba. Yana juya wata ƙatuwar gulma da suke kira gada, kuma akwai wani zoben dutse mai suna hasli, mai nauyin kusan kilo 100, da yake ratayawa ya yi tsuguno da shi. Zoben yana nan ajiye a gidan tarihi na Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Patiala. Amma ku lura da tsarin: jiki ne tushe, dutse ƙari ne da ya zo bayan shekara da shekaru, lokacin da nauyin jikinsa ya daina isar sa. Mu kuwa mun juya abin, yaron da ba zai iya dand 15 ba shi ne kwance a ƙarƙashin siminti.

Me ya sa abin yake aiki?

Tsoka ba ta da ido. Ba ta san ko abin da take turawa ƙarfe ne na gidan motsa jiki, ko buhun shinkafa, ko gangar jikin mai ita ba. Abin da ta sani kawai shi ne an ɗora mata aikin da ya kusa fin ƙarfinta, sai ta yi amfani da abinci da barci ta gyara kanta, ta ƙara kauri don gobe. Mutumin da ya kifa ciki yana tura jikinsa sama, kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa ne a kan hannayensa. In nauyinka kilo 60 ne, wajen kilo 40 kake turawa ba ka biya ko sisi ba.

Lokacin da na yi zaman koyon aiki na wata 4 a wani kamfani a Bompai, na ga leburori masu lodi waɗanda ba su taɓa leƙa gidan motsa jiki ba, amma bayansu kamar an sassaƙa. Haka za ka gani a Sharada da Challawa, haka 'yan dako a Singa, haka 'yan garuwa masu tura kura. Su ma 'yan damben gargajiya, irin su Shago da Ɗan Anace ya yi wa waƙa, ba a kan benci suka samo ƙwanjinsu ba. Abin da ya haɗa su duka shi ne maimaici na kullum, shekara bayan shekara.

Sai dai akwai iyaka, kuma 'yan sashen injiniya za su fi saurin gane ta. In motsi ya zama mai sauƙi har kana iya yin ɗari ba ka ji komai ba, abin da kake ƙarawa juriya ce, kaurin tsoka kuwa ya kusa tsayawa. Mai ƙarfe sai ya ƙara faifai. Kai kuma sai ka canza yadda nauyin ke sauka a kan gaɓa: ka ɗora ƙafafu a kan benci nauyi ya koma kafaɗa, ka matso da hannaye kusa da juna, ka sauka a hankali cikin daƙiƙa 4 maimakon 1, ka yi tsuguno da ƙafa ɗaya, ka kama reshe ko ƙarfen raga ka ja jikinka sama. Jikin dai shi ne, amma aikin ya ninka. Zoben dutsen Gama ma wannan matsalar ya zo warwarewa.

Gajere a gaban dogo

Gama ba ƙato ba ne a tsaye, tsayinsa ƙafa 5 da inci 7 ne, kamar dai yawancinmu. Tun bai kai shekara 20 ba ya ƙalubalanci zakaran Indiya na lokacin, Rahim Bakhsh Sultaniwala, mutumin Gujranwala, wanda tsayinsa ya kusa ƙafa 7, ga shi kuma ya daɗe yana kayar da maza. Kowa ya ɗauka yaron zai sha ƙasa nan take. Aka daɗe ana gwabzawa, aka tashi canjaras. Wannan canjaras ita ta fito da sunansa. Kafin 1910 ya kayar da duk wani sanannen ɗan kokawa a Indiya, in ban da Rahim Bakhsh, wanda suka sake haɗuwa ba a samu gwani ba.

A irin wannan doguwar karawa ne amfanin dubban baithak ke fitowa. Kokawar da ba ta da agogo, ba wanda ya fi ɗaga nauyi sau ɗaya ke cin ta ba, wanda ƙafarsa ba ta rawa bayan awa guda shi ke ci.

Landan, 1910

A 1910, shekara 7 bayan Turawa sun ci Kano, Gama da ƙanensa Imam Bakhsh suka shiga jirgin ruwa zuwa Ingila. Da farko ba a ɗauke shi da muhimmanci ba saboda gajartarsa. Sai ya fitar da ƙalubale a bainar jama'a, cewa zai kayar da kowaɗanne 'yan kokawa uku cikin minti 30, komai nauyinsu. Aka daɗe ba wanda ya amsa, wasu suna ganin cika baki ne kawai. Wanda ya fara fitowa shi ne wani Ba'amurke, Benjamin Roller, likita ne kuma sanannen ɗan kokawa. Gama ya danne shi a minti 1 da daƙiƙa 40 a karon farko, a karo na biyu kuma cikin minti 9 da daƙiƙa 10.

Daga nan sai babban wasa. Ranar 10 ga Satumba, 1910, a filin wasa na Shepherd's Bush da ke Landan, ya haɗu da Stanislaus Zbyszko, mutumin ƙasar Foland, ɗaya daga cikin manyan 'yan kokawar Turai, wanda ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba. An sa kambun John Bull da fam 250. Ba a yi minti guda ba Gama ya kai shi ƙasa. A dokar wasan kuwa sai an danne kafaɗun mutum biyu a ƙasa kafin a ce an ci shi, don haka Zbyszko ya kifa ciki ya manne da tabarmar wasa, ya ƙi tashi, ya ƙi juyuwa. Haka aka shafe sama da awa biyu da rabi, 'yan kallo suna ta ihun haushi, har aka tashi babu sakamako. Aka sa ranar 17 ga Satumba don a ƙarasa. Ranar ta zo, Gama ya fito fili, Zbyszko ko ƙyallinsa. Aka miƙa wa Gama kambu.

Ku auna abin da wannan yake nufi a wancan lokaci. Turawa suna mulkin Indiya suna kuma yaɗa cewa mutanen da suke mulka raunana ne. Sai ga ɗan talakawan mulkinsu, a tsakiyar babban birninsu, ya sa zakaran Turai ya kwanta ya ƙi tashi. Shi ya sa mutanen Indiya, Musulmi da Hindu da Sikh, kowa ya ɗauke shi nasa.

Da ya koma gida ya sake haɗuwa da Rahim Bakhsh a Allahabad, wannan karon ya yi nasara, ya karɓi sarautar Rustam-e-Hind, wato zakaran Indiya. Rustam sunan wani jarumi ne a tatsuniyoyin Farisa. Daga baya ya zauna a ƙarƙashin Maharaja Bhupinder Singh na Patiala, kuma a 1922, da Yariman Wales ya kai ziyara Indiya, ya ba shi kyautar gulmar azurfa. 

A watan Janairun 1928 Zbyszko ya zo har Patiala neman fansa, bayan shekara 17 da 'yan watanni. Dubban mutane suka taru. Gama yana da shekara 49 a lokacin. Ba a cika minti ɗaya ba ya kayar da shi, wasa ya ƙare. A watan Fabrairun 1929 ya kara da Jesse Petersen, shi ma bai wuce minti ɗaya da rabi ba. Daga nan aka rasa mai fitowa, har ya ajiye kokawa a 1952.

Ga masu zuwa kemis, ku duba waɗannan shekarun da kyau. Sai a 1935 masana suka fara haɗa sinadarin testosteron a ɗakin gwaji, wanda daga gare shi ne ƙwayoyi da alluran gina tsoka suka samo asali. Gama ya yi wasansa na ƙarshe a 1929. Duk abin da ya yi, ya yi shi ne kafin a ƙirƙiro su. Waɗannan ƙwayoyi suna taɓa hanta da zuciya, suna kuma iya hana namiji haihuwa. Ita kuwa wadda ake kira sha-ka-fashe, ruwa da kitse take tarawa, tsokar ma rage ta take yi, ga hawan jini da ciwon suga a biyo baya.

Lahore, 1947

A watan Agustan 1947 aka raba ƙasar gida biyu, Indiya da Pakistan. Sama da mutum miliyan 10 suka bar gidajensu, dubban ɗaruruwa suka rasa rayukansu a kashe-kashen da aka yi tsakanin mabiya addinai. Patiala ta faɗa ɓangaren Indiya, don haka Gama, yana dab da shekara 70, ya bar abin da ya tara ya koma Lahore, ya zauna a titin Mohni, unguwar da take da Hindu da yawa.

Mutanen Lahore suna ba da labarin cewa da masu tarzoma suka nufo unguwar, tsohon nan ya fito tare da 'yan kokawarsa ya tsaya a bakin titi, ya hana su wucewa. Da zama ya gagara, shi ya raka maƙwabtansa Hindu har inda za su tsira, ya kuma yi musu guzuri daga aljihunsa. Shi kansa ɗan gudun hijira ne da rikicin ya raba da gidansa, yana da dalilin da zai riƙe su a zuci, amma bai yi ba.

Mu a Kano ba sai an yi mana bayanin yadda gari ke zama in rikici ya tashi ba, ranar da maƙwabci ke rasa inda zai ɓuya. Kuma mun san wasu da suka tara ƙwanji suka kai shi kasuwar 'yan siyasa, ko suka zama abin tsoro a lungu. A wurina tsayuwar nan ta titin Mohni ta fi kambun Landan daraja, domin a nan ne aka ga amfanin ƙarfin.

Ƙarshen rayuwa

Ƙarshensa bai yi daɗi ba. Masarautun da ke ciyar da 'yan kokawa sun shuɗe, wanda ke biyan kuɗin madara babu shi. 'Ya'yansa maza duk sun rasu tun suna ƙanana. Ya koma horar da 'ya'yan ƙanensa Imam Bakhsh, cikinsu har da Bholu Pahalwan wanda ya zama zakaran Pakistan. Ciwon zuciya da asma suka kama shi, hannu kuma ya yi ƙasa, har sai da wani attajirin Indiya, G. D. Birla, wanda Hindu ne, ya aiko masa da rupi 2,000 ya kuma yanka masa rupi 300 duk wata, gwamnatin Pakistan ita ma ta taimaka da kuɗin magani. Ya rasu a Lahore ranar 23 ga Mayu, 1960, kwana ɗaya bayan ya cika shekara 82. Jikarsa Kulsoom ita ce ta zama matar Nawaz Sharif, wanda ya yi firaministan Pakistan har sau uku. Bayan rasuwarsa, Bruce Lee yana cikin waɗanda suka karanta yadda yake horo suka shigar da dand da baithak cikin nasu.

Abin da za mu ɗauka, da abin da za mu bari

Na farko, mu bar adadin. Kada wani ya karanta wannan ya tashi gobe ya ce sai ya yi tsuguno 1,000. Ku tuna makon da yaron Jodhpur ya yi a kwance, shi da aka haifa cikin sana'ar. Wanda bai saba ba in ya yi wa tsoka lodin da ya wuce kima, tana iya farfashewa ta zuba cikin jini, fitsari ya koma kalar shayi, ƙoda ta samu matsala. Wanda ya ga haka asibiti zai nufa, ba wai ya daure ba.

Na biyu, mu tuna cewa bayan kowane baithak na Gama akwai sarki mai biyan kuɗin abinci. Ana ruwaito cewa madara yake sha lita-lita, ga man shanu, ga nama, ga 'ya'yan almon da ake niƙa masa. Mu ba mu da maharaja, sai ɗan abin da aka turo daga gida. Amma abin gina jiki bai gagare mu ba: wake, awara, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, ƙwai, nono, kifi in an samu. Garau-garau da ake rainawa ya fi garin roba mai tsada da ba ka san abin da ke ciki ba. Wanda ke atisaye da yunwa, yana kuma kwana a kan waya, rama zai yi.

Na uku, mu ɗauki nacin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane baligi, mace da namiji, ya yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako, don haka 'yan'uwa mata, har da ku, kuma a cikin ɗaki ma ana yi. Wurin da za a shimfiɗa tabarma ya isa. A fara da kwana 3 a mako, minti 20 bayan sallar asuba ko da yamma in rana ta yi sanyi: baithak 15, dand 5 ko iya abin da ya samu, a huta minti ɗaya, a maimaita sau 3. Wanda dand ya yi wa nauyi ya fara da dafa bango ko bakin gado. Duk mako a ƙara kaɗan, in ya yi sauƙi a canza salo ya ƙara wuya. In gwiwa ko kafaɗa ta yi zafi mai suka, a dakata. Ba za ka ga komai a mako biyu ba, amma ka ba shi zangon karatu ɗaya ka gani. Da yayyafi kogi kan cika.

Na huɗu, wanda ya fi shafar mu 'yan ajin ƙarshe: mutumin da ba a taɓa kayarwa ba, tsufa da rashin abin hannu sun kayar da shi. Jiki ba ya biyan fansho. A gina shi don lafiya, don a iya tsayuwa a gaban inji awa takwas, don a iya kare na kusa in ta ɓaci, amma kada atisaye ya ci lokacin darasi ko na furojet. Takardar da muka zo nema da sana'ar da ke hannunmu su ne za su riƙe mu ranar da damtse ya saki.

Allah Ya jiƙan Gama, Ya gafarta masa. Mu kuma Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya sa mu gama lafiya.